Daƙiƙa Arba'in a Bakin Buhu

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Laraba na danna agogon da ke cikin wayata. Ina tsaye a bayan sikeli, hannuna ɓoye a cikin hijabi. Baffa yana durƙushe gaban buhun wake, yana bin bakinsa da yatsu daga wannan kunne zuwa wancan. Da ya miƙe na sake dannawa. Daƙiƙa arba'in. Na rubuta a takarda. Daga wannan rubutu abubuwa suka fara lalacewa, ko da yake a ranar ban ga komai a jikinsa ba sai lamba.

Yau kwana goma sha biyu da aka kai Baffa makwancinsa. Daga Allah muke, gare shi kuma Baffa ya riga mu komawa. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina aji uku na firamare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi. Amma ba zan ɓoye ba, akwai wani dalili. Ya rasu ban gaya masa ni ce na yi wancan rubutu ba, ban kuma san ko ya sani ba.

Ranar da ya rasu gidan ya cika tun kafin azahar. Goggo, ƙanwarsa, ta zo daga garin Uba ko takalmi ba ta tsaya ta sa iri ɗaya ba. Ta zauna a ƙofar ɗakin Inna, matarsa, tana maimaita magana ɗaya: "Shekaranjiya fa ya aiko a ce mini in daina sayen gishiri a leda. Shekaranjiya." 'Yan dakon sito suka zo a jere, rigunansu da ƙurar wake, suka tsaya a waje ba su san inda za su sa hannayensu ba. Ciyaman ɗin ƙungiyar manoma, wanda ɗan abokin Baffa ne kuma a gabansa ya girma, ya yi kuka irin na yara har sai da aka janye shi bayan gida. Mata suka yi ta kallon juna, domin kowa ya san abin da ya shiga tsakaninsu.

Da la'asar wata dattijuwa ta sauka daga Keke Napep da ƙullin wake a kanta. Na gane ta. Manomiya ce daga ƙauyen Kwaja, Kirista, Hausarta ba ta gama nuna ba, a sito ana ce mata Maman Kwaja. Ta ajiye ƙullin gaban Inna, ta zauna a ƙasa, ta ƙi hawa tabarma.

Ta ce, "Baba ya tafi. To, wane zai san ɗinki na kuma?"

Babu wanda ya gane nufinta. Ni ma ban gane ba. Na ɗauka gigin mutuwa ne.

Baffa ya fi shekara talatin yana riƙe da siton wake a bayan kasuwar hatsi ta Mubi. Bai yi boko mai nisa ba. Alli ne a aljihunsa, basilla kuma a soke a gefen hularsa, ko masallaci za shi. Inna ta sha yi masa tsiya: "Malam, wata rana sai ka soke limamin da ke gabanka." Yakan ce, "In rigarsa ta yage ai na taimake shi."

Yana da maganganun da duk wanda ya taɓa ɗaukar buhu a siton ya haddace. "Buhu ba ya son a ɗaga shi sau biyu." Idan ɗan dako ya sauke kaya a inda ba nan ne wurinsa ba, ba ya faɗa. Sai ya tsaya a kan buhun ya yi masa jaje: "Sannu bawan Allah, an ajiye ka a gidan da ba naka ba." Dole mutum ya yi dariya ya gyara. Ya zana layuka da alli a ƙasa, kowane ƙauye da layinsa, kuma wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Wani lokaci yakan ƙara da cewa, "A sito ke nan. A duniya ba a bin layi."

Shi yake share siton da kansa. Ƙwayoyin da suka zube yakan tsince su cikin gwangwani ya kawo wa tantabarun Inna. Ba ya cin ƙosai a waje, wai ya san waken da ake yi da shi.

Ni kuwa tun ina ƙarama ba ni da baki. In baƙi suka zo, sai in shige bayan ƙofa da littafi. Goggo takan ce yarinyar nan ko aljanu sun taɓa ta. Baffa yakan ce, "Ku ƙyale mini Uwata. Ku kuna faɗi, ita tana ajiyewa." Ranar da zan fara zuwa babbar makaranta jakata ta yage a hannu. Ya zare basilla daga hula, ya zauna a dakali ya ɗinke ta da zaren buhu. Na ji kunyar rataya ta a cikin ɗalibai. Har yau ɗinkin bai saki ba.

Bara ƙungiya ta shiga neman takardar shaida. Wani kamfani ne zai riƙa ɗaukar waken zuwa ƙasar waje, amma da sharaɗi: kowane buhu a san gonar da ya fito, a san ba a zuba masa maganin ƙwari ba, a kuma iya bin sawunsa daga gona har cikin mota. Idan masu bincike suka sami buhu ɗaya da abin da ke cikinsa bai dace da abin da aka rubuta ba, ƙungiya duka za ta rasa shaidar, shi kuma manomin a cire shi daga rajista. Aka kawo tambari mai ɗigo-ɗigo ana liƙa wa kowane buhu tun daga gona. In aka haska shi da waya, sunan gonar ya fito, alama ta yi kore, shi ke nan buhu ya wuce.

Lokacin na zo aikin koyon sana'a na wata shida da makaranta ke tura mu. Ina karanta harkar saye da adana kaya, Baffa kuma ya roƙa mini gurbi a siton. Ni aka ba wayar.

Mutane suna tsammanin tsoho zai ƙi abin. Bai ƙi ba. Ranar farko ya sa na haska buhu goma yana leƙawa ta kafaɗata, yana faɗin ƙauyen kafin wayar ta faɗa. Sau goma suka yi daidai. Ya ce, "Kai, abokiyar nan tawa tana da ƙoƙari."

Sannan aka gayyato wani jami'i daga Yola don ya koya mana rage ɓarnar lokaci da motsi. Mutumin kirki ne, mai fara'a, yana haɗa Hausa da Turanci. Da ya ga layukan allin Baffa sai ya cire tabarau ya ce, "Baba, abin da muka je makaranta muka karanta, kai ga shi ka zana a ƙasa." Baffa ya ji daɗi, ya kwana uku yana ba Inna labari.

Aikin da jami'in ya ba ni shi ne in bi buhu tun daga saukewa har zuwa lodi, in rubuta kowane mataki da tsawon lokacinsa, ba tare da mutane sun lura ba, don kada su canza yadda suka saba. Bayan haka in raba matakan gida biyu: wanda ke ƙara wa kaya wani abu, da wanda ba ya ƙara komai. Na yi shi tsaf, yadda nake yin komai. Saukewa. Awo. Haskawa. Shafawar Baffa. Jerawa.

Jami'in ya duba takardar ya sa biro a kan layi na huɗu. "Wannan fa? Me yake dubawa?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ai babanki ne. Ki tambaye shi, sai ki cike. Gobe zan karɓa."

Da yamma na same shi a dakali yana watsa wa tantabaru wake. Na tsaya kusa da shi da takardar a cikin littafi. Ya ce, "Uwata, da magana?" Na ce a'a. Kunya ce ta kama ni. Yaya zan tsaya a kan wanda ya rene ni in ce, Baffa, abin nan da kake yi yana da amfani kuwa? Na shiga ɗaki na yi wa kaina lissafi. Tambari yana faɗin gona. Sikeli yana faɗin nauyi. Ɗakin gwaji yana faɗin magani. Me ya rage wa hannu? Na ce sabo ne kawai irin na tsofaffi, wataƙila ma addu'a yake yi. Na sa shi a gida na biyu. Na ja layi da rula.

Bayan mako ɗaya aka yi taro a siton, manoma sun cika, aka karanta sabon tsari da aka buga da inji. Babu sunana a jiki. Ciyaman ya ce, "Baba, daga yau ka huta da durƙuso. Waya za ta yi. Kai ka zauna a ƙofa kana sa mana albarka." Aka tafa. Baffa ya dubi manoman ɗaya bayan ɗaya, kamar zai yi magana. Sai ya ce, "To."

Aka sa masa kujerar roba a bakin ƙofa. Kullum yana zuwa ƙarfe bakwai, ya yi shara, ya zauna. Aiki ya ƙara sauri, wannan gaskiya ne, ni na auna. Na lura in 'yan dako suka zo wucewa da buhu a baya, yakan ɗaga hannu ya taɓa shi yana tafiya. Har suka mai da abin wasa, suna rage tsawo a gabansa suna cewa, "Baba, a sa wa wannan albarka." Yana dariya tare da su. Ni ba na iya kallo.

Ranar lodin farko na kamfani, mota ta zo tun da safe, dole kuma ta bar Mubi kafin azahar. Ina haskawa, kore, kore, kore. Sai na ji muryarsa daga ƙofa.

"Sauke wannan."

Ɗan dakon ya tsaya. Baffa ya tashi ya bi layin Kwaja da hannu, ya ware buhu tara, duk na Maman Kwaja. Ciyaman ya taho da sauri.

"Baba, lafiya?"

"Waɗannan ba za su hau ba."

"Don me?"

"Ba su yi mini ba."

"Ba su yi maka ba kamar yaya? Ƙwari? Danshi? Wari?"

"Babu ko ɗaya."

Ciyaman ya juyo wajena. "Ke, me waya ta ce?"

Kowa ya zuba mini ido. Na ce, "Kore ne." Ban ɗaga kai ba.

"Ka ji, Baba. 'Yarka ce ta faɗa."

"Ta faɗi gaskiya. Ba dai za su hau ba."

Direba ya fara danna ham. Ciyaman ya ce a ɗauka. Sai Baffa ya tattare rigarsa ya hau kan buhunan ya zauna, ya harɗe ƙafa kamar mai jiran a kawo abinci. Babu ɗan dakon da zai iya ɗaga shi. Ciyaman ya roƙa, ya yi rantsuwa, ya ce mota za ta tafi da giɓi a karon farko, mutanen kamfani za su ce ba mu da tsari. Da abin ya ishe shi sai ya faɗi maganar da ya yi wa kuka ranar rasuwa.

"Baba, wallahi tsufa ne ke damunka. Siton nan ya wuce zamanin shafe-shafe. In ba za ka iya ganin an ci gaba ba, ka zauna a gida."

Baffa ya ce, "Na ji, ɗana. A rufe mota."

Mota ta tafi babu buhu tara. Ciyaman ya sa aka ɗebi samfur daga cikinsu aka kai gwaji, don ya nuna wa kowa. Sakamako ya dawo, waken lafiya lau, babu ko ɗigon magani. A lokacin Maman Kwaja ta riga ta aiko an kwashe kayanta, ta ce ta fasa, za ta sayar a kasuwa. Kowa ya ce fushi ta yi, kuma tana da gaskiya. A kasuwar hatsi aka yi ta cewa Baba ya fara ruɗewa. Masu bincike suka zo daga baya, suka bi sawun kayan da suka tafi, suka sami komai daidai, aka ba ƙungiya shaidarta. Aka yi walima. Baffa bai je ba.

Bai sake taka siton ba. Ya ce ƙafa ce ke ciwo. Yakan zauna a dakali da rediyo, basilla tana nan a hula. In na dawo yakan tambaye ni, "Uwata, yau buhu nawa?" In faɗa masa. "Layin Michika fa, an gyara allin?" In ce an sa fenti yanzu. Ya ce, "Madalla, fenti ya fi daɗewa." Sau da yawa na zauna kusa da shi da niyyar in faɗa masa. Na shirya kalmomin a takarda har sau uku. Kullum sai in ce gobe.

Ciwon ƙafa ya zama na ƙirji. Kwana huɗu ya yi a asibiti. Ranar ƙarshe da na kai masa kunu ya kama bakin hijabina yana bin ɗinkinsa da yatsa, idonsa a rufe. Ya ce, "Na inji ne wannan." Abin da na ji daga bakinsa na ƙarshe ke nan. Da hantsi washegari ya cika.

Ranar sadakar uku Maman Kwaja ta dawo. Ina wanke kofuna a bayan ɗaki ta zo ta tsuguna kusa da ni.

Ta ce, "Ke ne mai waya."

Na ce ni ce, Mama.

"Zan faɗa miki abu. Na riƙe shi ya ishe ni." Ta share fuska da gefen zane. "Buhu tara ɗin nan, ni na buɗe. Ya rage kaɗan kaɗan bai cika ba. Ƙanwa na yana da wake, miji nashi ya mutu, suna nashi ba ya cikin rajista. Na ce wake wake ne. Na ƙara da nashi, na ɗinke. Tambari yana nan, ban taɓa ba."

Na ajiye kofin.

"Baba ya san ɗinki na. Ni hagu ne, ɗinki na yana kwanta haka." Ta karkata tafin hannu. "Kowa da nashi. Mutanen Michika suna ƙulli biyu. Na Uba suna ja da nisa. Duk ya sani. In an buɗe buhu an sake ɗinkewa, rami na allura yana zama biyu. Ido ba ya gani sosai. Yatsa yana ji."

Ta ce washegarin rigimar ya shiga motar kasuwa ya je har Kwaja da ciwon ƙafarsa, ya tsallaka mayo, wato rafi, ya same ta a gona. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mata in buhunan nan suka hau mota aka gano, mutum ɗari za su rasa shaida saboda ita. In kuma ya faɗi dalili a gaban jama'a, za a cire ta daga rajista, ga marayu a gabanta. Saboda haka ta aika a kwashe kayanta, ta kawo ƙanwarta a rubuta gonarta kafin damina, kada kuma ta sake.

"Na ce, Baba, mutane suna cewa ka haukace. Ya ce, bari su ce. Ni na kusa sauka, ke kina da sauran tafiya."

Ta tashi ta tafi wajen ciyaman da ƙafarta. Abin da suka yi ban sani ba. Na dai ji cewa an mayar da duba bakin buhu cikin tsari, an ba shi layinsa a waya, sai an danna kafin alama ta yi kore. Sai dai babu wanda ya san ɗinkin kowa. Suna dubawa ne kawai ko ramin biyu ne. Sauran ya tafi da shi.

Na kwana biyu ina juya abin. Daƙiƙa arba'in. A cikinsu yake gane hannun mutum sittin ko fiye, ya san wanda ya ɗinka da gaggawa, ya san wanda matarsa ta ɗinka masa don ba shi da lafiya. Ni kuma na ja musu layi da rula.

Jiya da safe, baƙi sun ragu, na sami Inna ita kaɗai a ɗaki tana takaba, hularsa a kan cinyarta. Na zauna a bakin gado. Ba ta matsa mini ba, ta san hali.

Na ce, "Inna, takardar da aka karanta a sito, wadda ta sa aka mai da Baffa bakin ƙofa. Ni na rubuta."

Ba ta ɗago ba.

Na ce, "Ya sani?"

Ta zare basillar daga hular, ta goge ta da bakin mayafi, ta kama hannuna ta sa mini a tafi, ta rufe yatsuna a kai.

Ta ce, "Tun ranar Larabar ya sani. Ya dawo yana dariya, ya ce Uwata ta ɓoye waya a hijabi tana auna ni, ta ɗauka ban gani ba. Da aka karanta arba'in a taro, ya je ya gwada da agogon rediyo, ya ce arba'in ɗin ce cif, yarinyar nan ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, irinta ake ba wa sito. Bai riƙe ki da komai ba, ko sau ɗaya. Abu guda ne ya tsaya masa. Ya ce kin auna hannunsa, ba ki tambayi abin da hannun yake nema ba. A gaban manoma ba zai faɗa ba, kada su ga kamar zarginsu ake yi. Ke yake so ya koya wa. Duk yammar da kika zo kika tsaya a dakali, in kin shiga ɗaki sai ya ce mini, yau ma saura kaɗan ta tambaya."